Ra'ayinmu: A Gwada Dutse Kafin A Kai Shi Injin Niƙa

Cikin watan Disamba na 2024 ne Gwamnatin Tarayya ta ɗage dokar hana haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Jihar Zamfara tun watan Afrilu na 2019. Bayan haka sai ga kuɗin zinare ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya. Oza ɗaya, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, wadda ake sayarwa wajen dala 1,200 a 2010, ta haura dala 4,000 cikin watan Oktoba na 2025. Ba sai mun gaya wa mutanen karkara abin da wannan yake nufi ba, domin sun fi mu gani da idonsu. Da an cire amfanin gona samari kan ɗauki diga da shebur da buhu su nufi daji, mai abinci da mai shayi da mai facin babur su bi bayansu, kafin a ankara fili ya zama kasuwa. Haka abin yake a sassan Zamfara da Neja da Kebbi da Birnin Gwari, haka nan kuma a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Wannan jarida ba ta ga laifin talaka don ya nemi halaliyarsa a cikin ƙasar da Allah Ya ajiye shi a kai. Wanda ya ga yadda taki ya yi tsada, ya ga yadda gona ta gagari shiga saboda rashin tsaro, ba zai zauna a inuwa ya ce wa magidanci ya bar ramin zinare ba. Abin da muke cewa guda ɗaya ne, kuma shi za mu yi ta maimaitawa har masu iko su ji: kada a niƙa dutsen da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ilmin gane abin da ke cikin dutse yana nan, an yi bincikensa, har ma a ƙauyukanmu aka yi wani daga cikinsa, kuma da rayukan 'ya'yanmu aka biya kuɗinsa. Abin kunya ne a ce har yanzu bai isa bakin ramin da ake bukatarsa ba.

Ga waɗanda suka manta, ko waɗanda suke yara a lokacin, bari mu tuna masu. A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai kuma rai ya yi halinsa. Aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce iska ce. Aka ba da magunguna, ba su yi ba. Tun kafin yaran ma agwagi sun riƙa mutuwa a garuruwan, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Cikin watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, da suka shiga yankin don sa ido kan sanƙarau suka lura cewa abin ya wuce yadda aka saba. Da aka ɗebi jinin wasu yara aka aika Turai aka gwada, sai aka tarar gubar dalma ce, kuma da yawan da likitoci da dama ba su taɓa ganin irinsa ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, ta bi gida gida a ƙauyuka biyu ta yi ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yara 204 da aka gwada jininsu ba ko ɗaya da ya kuɓuta, kuma kashi 97 cikin ɗari gubar ta kai matakin da dole sai an ba su maganin wanke jini. A ma'aunin likitoci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan dalma ta kai maki 5 a jinin mutum to a tashi a nemi inda take fitowa, idan ta kai 45 a jinin yaro a soma magani. Yaran waɗannan ƙauyuka da yawansu sun haura 100. Jimillar waɗanda suka mutu a Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega ta haura 400. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

To amma mene ne ya kawo wannan, alhali kuwa an daɗe ana haƙar zinare a ƙasar nan, tun zamanin Turawa cikin shekarun 1930 ma ana yi? A nan ne aikin masana duwatsu da masana ƙarafa ya fito fili. Sun ɗebi dutsen, sun ɗebi garinsa, sun ɗebi ƙasar tsakar gida da sharar ɗaki, suka kai ɗakin gwaje-gwaje. Abin da suka gano, wanda masu binciken ƙasa na Amurka suka buga a 2013, shi ne jijiyar dutsen da aka faɗa mata a wancan yanki ba zinare kaɗai ke cikinta ba, maƙare take da dalma. Asalinta irin baƙin dutsen nan ne mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Amma ruwa da iska na dubban shekaru sun riga sun ci shi tun yana cikin ƙasa, sun juyar da shi zuwa wani nau'i na dalma mai saurin narkewa cikin ruwan tsamin da ke cikin tumbin ɗan Adam. Sai kuma aka zo aka niƙa shi a bushe ya zama gari lilis. Kowa ya san gishirin da aka daka ya fi dunƙulensa saurin narkewa a miya. Haka dalmar nan ta yi a cikin yaran.

Yadda ta isa cikinsu kuwa ba wani asiri ba ne. Maza su haƙo dutse su kawo gida cikin buhu, mata su farfasa shi a tsakar gida, wani lokaci ma da turmin da ake daka hatsi, a kai injin niƙan gari da ke tsakiyar gari, a shanya a inda ake shanya gero, a wanke a bakin rijiya ko kududdufi. Ƙura ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. A wancan lokaci ma'aunin da Amurka take aiki da shi a wurin da yara ke wasa shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan, wato giram 40 a buhun ƙasa mai kilo 100. A wasu wurare na waɗannan ƙauyuka an sami fiye da kashi 100,000, wato kilo 10 na dalma a buhu ɗaya. Ga shi kuma jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na yadda jikin babba ke zuƙa, musamman yaron da bai samun abinci mai gina jini da ƙashi. Abin da jiki ya zuƙa yakan ɓoye shi cikin ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta sami ciki ya fito ya shiga jikin ɗan tayi. Yaron da ya tsira da ransa kuwa yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa, wani da makanta, wani da shanyewar jiki, kuma ba maganin da ke mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa.

Da aka zo magani sai aka ga ƙwaya kaɗai ba ta isa, domin in an wanke jinin yaro aka mayar da shi gida mai guba, an yi aikin baban giwa. Dole sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje da lunguna, aka kwashe ta aka binne a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa. Daga 2010 zuwa 2013 an yi wa gidaje 820 haka a ƙauyuka takwas, an kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da mita 27,000 a ma'aunin cika, wato lodin tifa sama da 2,700 idan kowace tana ɗaukar mita 10. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 5. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin sharar, yara na kwance suna jira. MSF ta shafe fiye da shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ta gwada yara sama da 8,000, kana ta miƙa shi ga Gwamnatin Zamfara a 2022. Duk wannan ɗawainiya, jama'a, saboda ba a gwada dutse ba tun ranar farko.

Wani zai ce ai bayan irin wannan musiba kowa ya ji. Ina! A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu a Unguwar Magiro da Unguwar Kawo, ta hanya iri ɗaya sak. Ashe darasin bai iya ƙetare iyakar jiha ba cikin shekara biyar. Sai dai a can Neja ɗin an yi wani gwaji da ya kamata kowane mai injin niƙan dutse ya ji labarinsa. MSF da wata ƙungiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka suka zauna da masu haƙa da masu niƙa, aka sa wa injuna bututun da ke fesa ruwa kamar yayyafi a inda ƙura ke tashi, aka ware wurin wanka da canza tufa kafin a koma gida. Aka maƙala wa ma'aikata na'urar auna iskar da suke shaƙa, kafin gyaran da bayansa. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, ƙurar tsakuwa mai cin huhu ta ragu da kashi 80, kuma dalmar da ke jinin ma'aikatan ta sauka da wajen kashi ɗaya cikin uku. Da ruwa da tanki da bututu aka yi wannan, kayan da ake samu a kowace babbar kasuwa.

Shi gwajin dutsen kansa ba abu ne mai wuya ba a yau. Akwai na'ura ta hannu, ba ta fi injin huda katako girma ba, wadda ake ɗora bakinta a kan dutse ko ƙasa, ta harba wani haske irin na hoton ƙashi, cikin minti ɗaya ko biyu ta nuna ko akwai dalma da yawanta, ko akwai jan ƙarfe, ko tutiya, ko wata gubar. Kowane ƙarfe yana da irin amsar da yake mayarwa idan wannan haske ya doke shi, kamar yadda kowane mutum yake da muryarsa. Da irinta aka auna gidajen Zamfara. Tana da tsada ga mutum ɗaya, gaskiya ne, amma ba ta kai kuɗin motar da ake saya wa babban jami'i guda ba. Shi zinare da yake ɗan kaɗan ne a cikin dutse, sanin ainihin yawansa sai an kai samfuri ɗakin gwaji an narka shi da wuta, amma gano dalma a bakin rami ake yinsa.

Kada kuma a ɗauka maganar lafiya kaɗai muke yi, har da ta aljihu. Mafi yawan masu wanke zinare da zaiba suke aiki, wato ruwan ƙarfen nan mai nauyi da wasu ke kira makuri. Ita zaiba tana kama zinaren da ya fito fili ne kawai. Wanda ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ko wanda har yanzu yake kulle cikin ƙwayar wani dutse, wucewa yake yi ya bi laka. Masu binciken da suka auna irin wannan aiki a ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka sun sha nuna cewa idan aka zuba zaiba cikin garin dutse gaba ɗayansa, sau da yawa abin da ake samu bai kai rabin zinaren da ke ciki ba. Shi ya sa za ka ga masu kuɗi suna zuwa da manyan motoci suna sayen lakar da aka gama wankewa da araha. Ba don Allah suke share maka fili ba. Su sun gwada, sun san abin da ya rage a ciki, suna da sinadarin da za su tatse shi. Kai da ka shiga rami ka sayar masu da rabin guminka a kuɗin shara. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ita kanta zaibar guba ce ta biyu. Idan aka ƙona dunƙulen zinare da zaiba a kan garwashi ko da wutar gas, zaibar ba ɓacewa take yi ba, tururi take zama marar launi marar wari, wanda ke shiga huhu ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamunta su ne rawar hannu, mantuwa, saurin fushi, kumburin dadashi da rashin barci. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan kasuwar da ke sayen zinare, domin shi ne ke sake ƙona kayan kowa a cikin ɗan shagonsa daga safe har dare, tururin kuma yana liƙewa a bango da tufa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa ƙananan masu haƙar zinare su ke sakin wajen kashi 38 cikin ɗari na dukan zaibar da ɗan Adam ke turawa sama. Akwai yarjejeniyar duniya a kan wannan, ta Minamata, mai sunan wani gari a Japan inda zaiba ta nakasa dubban mutane, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2018. Tun kafin yarjejeniyar ma masana sun ƙera wata 'yar tukunya mai murfi da bututu, a ƙona a cikinta a rufe, tururin ya bi bututu ya huce cikin ruwa ya koma zaiba a sake aiki da ita. Mai walda na gari zai iya haɗa ta da guntayen bututun ruwa idan an nuna masa sau ɗaya.

Akwai ma hanyar da ba ta bukatar zaiba sam. A arewacin ƙasar Filifin an shafe shekaru da dama ana wanke gari a hankali har sai ya rage ɗan kaɗan mai nauyi, sai a haɗa shi da boras, farin garin nan da maƙeran farfaru ke amfani da shi wajen narka azurfa, a hura wuta. Zinare sai zafi ya kai maki 1,064 yake narkewa, shi kuwa boras yana narkar da dattin da ke tare da shi ya taso sama, zinare ya taru a gindi. Amma ba kowane dutse wannan hanya take yi wa ba, ya danganta da girman ƙwayar zinaren da irin abin da ya cakuɗa da shi, kuma dutsen da ke da dalma idan aka hura masa wuta hayaƙinsa ma guba ne. Ka ga ke nan mun sake dawowa kan maganarmu. Ko ta ina aka bi, sai an fara sanin dutsen.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurinmu, balle a ce na Turawa ne. A Taruga, kusa da Abuja, an tono rahoniyoyin narka tama da suka kai wajen shekara 2,500. Tarihi ya nuna tama ce ta jawo mutanen farko zuwa Dutsen Dala a Kano. Mutanen Riruwai suna narka kuza suna sayarwa tun kafin Bature ya san hanyar Jos. Waɗannan kakanni namu sukan dubi dutse su auna nauyinsa a hannu, su san wanda zai ba da ƙarfe da wanda zai ɓata masu gawayi, kuma sana'ar tana da sarki da dokoki, ba kowa ke kusantar wurin narki ba. Abin da ya faru a zamaninmu shi ne inji ya shigo, zaiba ta shigo, kuɗi suka shigo, amma ba wanda ya shigo da ilmin da ya dace da su.

Ba kuwa don babu masana ba. Tun 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa da duwatsu a Nijeriya, kuma tana da babban ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. A Jos akwai cibiyar bunƙasa ilmin sarrafa ƙarafa ta ƙasa, da makarantar koyon haƙar ma'adinai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ilmin duwatsu da sashen injiniyan ƙarafa. Bugu da ƙari, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa gwamnati nauyin kai wa ƙungiyoyin gama-kai na ƙananan masu haƙa taimakon ƙwararru, har da gwada masu ma'adinai da tantance darajarsu. Wato doka ta tanadi malamin ma'adinai kamar yadda manomi ya san malamin gona. Muna tambayar masu karatunmu da ke bakin ramuka, wa ya taɓa ganinsa? Wa ya san ofishin da zai kai dutse, da kuɗin da zai biya, da ranar da zai karɓi amsa?

Shaihunan malamanmu na jami'a ma suna da nasu kason. Bincike da yawa ana yinsa ne don a sami ƙarin girma, a rubuta da Turanci mai wuya, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Ɗalibi zai zo ƙauye ya ɗebi ƙasa da ruwan rijiya, ya tafi ya sami digirinsa, mai rijiyar bai taɓa jin abin da aka gani a ruwan da 'ya'yansa ke sha ba. Wannan ba daidai ba ne. Duk wanda ya ɗebi samfuri a gari, haƙƙi ne a kansa ya komo ya zauna a ƙofar fadar dagaci ya faɗi sakamako da Hausa. Kuma muna son mu ga an ba ɗaliban injiniya aikin da jama'a ke jira: injin niƙa mai aiki da ruwa wanda maƙeran Gusau da Minna za su iya ƙerawa da gyarawa, kwararon wanki da ke kama ƙananan ƙwayoyi, da taswirar da ke nuna wace jijiya ce ke da dalma a kowace ƙaramar hukuma, a manna ta a kasuwa kowa ya gani.

Mun san abin da jami'ai za su ce: wuraren ba su shiguwa saboda 'yan bindiga, kuma yawancin masu haƙar ba su da lasisi. Batun tsaro gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma dutse ba a daji yake ƙarewa ba, garuruwa ake kawo shi niƙa, a kasuwanni ake sayar da zinaren, kuma nan jami'i yana iya zuwa tunda mai karɓar haraji yana zuwa. Batun lasisi kuwa, shekara biyar na haramci ba su hana haƙa ba, sai dai suka sa aka koma yi a ɓoye. Inda ake ɓoyewa kuwa shi ne cikin gida, bayan katanga, kusa da yara. Muddin mai haƙa yana tsoron cewa in ya kai dutse gwaji za a kama shi ko a ƙwace ramin a ba wani babba, to ba zai kai ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya da gwamnatocin jihohin da abin ya shafa da su ajiye na'urar gwaji da ma'aikaci mai jin Hausa a kowace ƙaramar hukumar da ake haƙa, ya riƙa bin ranakun kasuwa, gwajin dalma ya zama kyauta, kuma kada a tambayi mai dutse takarda kafin a gwada masa. A sauƙaƙa rajistar ƙungiyoyin gama-kai, a rage kuɗinta da zirga-zirgarta. A ware filin niƙa da wanki nesa da gari, a haƙa masa rijiyar burtsatse. Asibitocin yankin su sami abin gwada jinin yara da maganin wanke shi, kada a jira sai baƙi sun zo daga waje. Sarakuna da hakimai da dagatai, waɗanda umarninsu ne ya fitar da injuna daga cikin gari a 2010, su sabunta wannan umarni su kuma tsaya a kansa ko da injin na ɗan wani ne. Limamai su faɗa a huɗuba, domin kare rai yana gaba da neman dukiya.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da kowane magidanci zai iya yi daga yau ba tare da ya kashe kwabo ba. Kada dutse ko garinsa ko lakarsa su shiga gida ko da na kwana ɗaya ne. Kada a ba mata aikin fasa shi a cikin kulle. Kada yaro ko mai ciki ko mai goyo su je wurin niƙa, ko da tallar abinci ne. A jiƙa dutse kafin a fasa. Wanda ya tashi aiki ya yi wanka da sabulu a can, ya bar tufar aiki da takalmi a can, ya wanke babur ɗinsa kafin ya shigo da shi zaure. Kada a yi yaɓe ko daɓe da lakar wanki. Idan kaji da agwagi suka fara mutuwa ba dalili, ko yara biyu uku suka yi jijjiga a unguwa ɗaya, a garzaya asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa ana aikin dutse a garin.

'Yan kasuwa ma da sauran masu sana'a akwai nasu. Mai injin niƙa ya zaɓi ɗaya, ko hatsi ko dutse, domin wankewa ba ta fitar da dalma daga haƙoran inji. Buhun da ya ɗauki dutse ya haramta ga masara har abada, mai sayar da tsofaffin buhuna ya ji tsoron Allah. Mai sayen zinare ya daina ƙonawa a cikin shago ko kusa da masu abinci. Masu sayar da kwalli su sani cewa ba duka ne iri ɗaya ba: a 2012 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da labarin wani jariri da ya kamu da gubar dalma ta hanyar kwallin da aka kai masa daga Nijeriya, da aka gwada shi aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Idon jariri ya haƙura da kwallin da ba a san asalinsa ba. Haka nan masu zubin tukwane, binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen da aka zuba da tarkacen ƙarafa suna sakin dalma cikin abinci, don haka a kiyayi jefa kan batir da ragowar gidan ruwan mota cikin narki.

Muna roƙon duk wanda wannan shafi ya shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a majalisa da tashar babura da bakin rami. Waɗanda kuma suka san wani gari da har yanzu ake niƙa dutse a tsakiyar gidaje, ko suka nemi a gwada masu aka yi ta yi masu jeka-ka-dawo, su rubuto mana, filin nan nasu ne, za mu buga domin hukuma ta gani. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu arzikin da za mu ci da 'ya'yanmu cikin lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.